Kowa da Irin Kwanansa

Babu gaisuwar da ake shara ƙarya wajen amsa ta irin "An tashi lafiya?" Mutum zai fito ido jajur, fuska a kumbure, hula a karkace, hamma na neman tsaga masa baki, amma amsar ba ta canjawa: "Lafiya lau." Godiya ga Allah wajibi ce, ba a musun wannan. Sai dai da za a bi layi guda gida-gida a binciki yadda kowa ya kwana, da an sha labari.

A shekarar 2015 manyan ƙungiyoyin masana barci biyu na Amurka suka fitar da matsaya cewa baligi na buƙatar awa bakwai ko fiye a kowane dare. Lissafin ba wuya. Wanda zai tashi sallar asuba wajen ƙarfe biyar, kamata ya yi ƙarfe goma ta same shi a kwance. To, goman dare a birane irin su Kano, Kaduna da Maraɗi, lokacin ne ma mai shayi yake fasa ƙwan farko na cinikin gaske.

A gaban sahu akwai Alhajin awa huɗu. Shi rashin barci abin tinƙaho ne a wurinsa, yana ambatonsa tare da yawan shagunansa. "Ni fa da kuke gani, awa huɗu ta ishe ni. Barci na malalata ne." In ya ɗan yi boko zai kawo sunan Margaret Thatcher, tsohuwar firaministar Birtaniya da aka yi ta yayata cewa awa huɗu take yi. Abin da ba ya sakawa cikin lissafi shi ne barcin da yake sharɓa a bayan mota tsakanin gida da kasuwa, da wanda yake yi a wurin ɗaurin aure kafin a shafa fatiha, da na bayan azahar a kan dilar atamfa, wanda yaran shago suka san ba a tashinsa ko da wa ya zo. In aka taɓa shi ya farka, sai ya ce tunani yake yi.

A 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania suka wallafa sakamakon wani gwaji da ya dace a karanta wa Alhaji da babbar murya. Sun raba mutane masu ƙoshin lafiya kashi-kashi, wasu aka ba su awa takwas a gado, wasu shida, wasu huɗu, har tsawon kwana 14, ana gwada saurin hankalinsu kullum. A ƙarshen mako na biyu, masu awa shida sun koma daidai da wanda ya kwana bai rintsa ba, masu awa huɗu kuwa daidai da wanda ya yi dare biyu ido buɗe. Inda gizo ke saƙar shi ne, da ake tambayarsu yadda suke ji, cewa suke yi ɗan barci-barci ne kawai, ba wani abu ba. Kuskurensu na ƙaruwa kullum, su kuwa suna ganin sun saba. Wato wanda barci bai isa ba, shi ne mutum na ƙarshe da za a tambaya ko barci ya ishe shi. Gaskiya ne akwai 'yan tsirarun da halittarsu ce gajeren barci. A 2009 Ying-Hui Fu da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco sun gano wani sauyi a ƙwayar gado a jikin wata uwa da 'yarta da ke tashi garau ba tare da sun cika awa takwas ba. Amma su ma wajen awa shida suke yi. Alhaji ya zarce masu baiwar da awa biyu, da bakinsa.

Jikinsa kuwa ba ya jin fariya. A Jami'ar Chicago an taƙaita wa samari 11 barci zuwa awa huɗu na dare shida, aka tarar jikinsu ya yi rauni wajen sarrafa suga, a wani bincike da ya fito a 1999. A 2009 kuma, a Jami'ar Carnegie Mellon, an ɗiga wa mutum 153 ƙwayar cutar mura a hanci da yardarsu, sai waɗanda ke barcin ƙasa da awa bakwai suka kamu kusan ninki uku fiye da masu awa takwas. Alhaji dai zai ce sanyin fanka ne.

Maƙwabcinsa na kusa shi ne dattijon goro. Bayan isha'i zai zaro ƙunshinsa daga aljihun 'yar ciki, ya kwance damshin tsumman, ya zaɓi fari ƙato, ya ɓare shi da farce har sai an ji ƙas, ya miƙa wa na kusa ɓari guda. In aka ce, "Baba, goro da dare?" sai ya yi dariya da jajayen haƙoransa: "Yaro, shekara arba'in ina cin abin nan, bai taɓa hana ni barci ba." Ƙarfe biyun dare kuwa duk gidan ana jin tarinsa da muryar rediyonsa yana laluben tasha. Jikansa ya gaje shi ta wata ƙofar. Shi ɗan majalisa ne, ko ɗan fada in a Damagaram ko Yamai yake, inda ake ɗora 'yar buta a kan gawayi a dafa ganyen shayin Sin, a yi ta ɗaga hannu ana zuba shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, kafin a wanke kofuna sha biyu ta gota.

Goro da shayi da kofi da lemukan ƙara kuzari na gwangwani duk abu ɗaya suke ɗauke da shi, kafeyin. Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa ido ya yi nauyi da dare. Kafeyin ba ya kawar da shi, gurbinsa kawai yake tarewa don kada ƙwaƙwalwa ta ji saƙon. Kuma ba ya saurin fita: bayan awa biyar, kusan rabin abin da aka sha yana nan cikin jini. Wani gwaji da aka yi a Detroit a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, ya rage wa mutane barcin fiye da awa guda, su kuma ba su ankara ba. Baba ba ƙarya yake yi da gangan ba. Yana yin barcin, amma sama-sama. Mai son goronsa ya ci da hantsi, daga azahar ya ɗaure tsumman.

Sai 'yar "bari in duba saƙo ɗaya". Ta yi shirin kwanciya tsaf tun goma, ta yi addu'a, ta ja gidan sauro ta soke, sannan ta ɗauki waya don ta ga ko an amsa mata maganar ankon biki. Daga nan WhatsApp ya miƙa ta ga TikTok, TikTok ya miƙa ta ga wani littafin soyayya da aka tsaya a inda kishiya ta shigo ɗaki. Ba ta ajiyewa sai wayar ta suɓuce ta faɗo mata a karan hanci, kuma ko a nan ma ɗauka take ta ƙarasa shafin. Kamfanonin waya sun san da ita, shi ya sa suke sayar da datar dare da araha. Iyayenta ma kada su cika baki, su ne 'yan zamanin kiran dare na kyauta, da ake kwana ana raɗa a ƙarƙashin bargo.

A jikin mutum akwai agogo, ba da wasa ba. Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young sun karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017 saboda gano yadda yake aiki, kuma a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka gano. Haske ne ke saita agogon. In duhu ya yi, ƙwaƙwalwa na sakin melatonin, mai sanar da jiki cewa dare ya yi, haske kuma yana jinkirta shi. An cika ɗora wa hasken waya laifi, yana da nasa kason, amma abin da ke cikin wayar ya fi shi ɓarna. Wanda aka zaga a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ƙarfe sha ɗaya da rabi, ko da ya dusashe hasken, ba zai rintsa ba sai ya tsara martani. Haka ɗan gidan kallon ƙwallo. Wasan Zakarun Turai yakan ƙare wajen goma ko sha ɗaya, amma musun ko fanareti ne ko ba fanareti ba yakan kai ɗaya, a bakin titi, a tsaye. Maganin masu waya sananne ne, ɗaci ne da shi: waya ta kwana tana caji a inda hannu ba zai kai ba.

Mai minshari kuwa shi kaɗai ne a gidan bai san yana yi ba. Uwargida za ta ce, "Malam, jiya fa har yara sun farka." Shi kuma ya murtuke: "Ni? Ni da ban ma yi barci ba, duk maganar da kuke ina jinku." Minsharinsa irin na tsohon janareton da mai ke ƙare masa ne: ya yi ruri, ya yi ruri, ya shaƙe, ya ɗauke ɗif, sai matar ta tashi zaune tana salati, sannan ya fizgo numfashi da ƙarfi ya ci gaba.

Wannan ɗaukewar ita ce wurin da dariya ya kamata ta tsaya. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa goma ko fiye, iskar da ke jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe shi na ɗan ƙiftawar ido ba tare da ya sani ba. A wurin wasu hakan kan faru sau talatin ko fiye a awa guda. Ya fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, kuma yana tafiya tare da hawan jini da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da ke shan maganin hawan jini iri-iri jinin ya ƙi sauka, in yana irin wannan minshari, ya dace likita ya ji labarin, kuma daga bakin matarsa. Rage ƙiba da kwanciya ta gefe suna taimakawa. Akwai kuma na'urar da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sydney, ya bayyana ta a 1981, mai hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Matsalarta a nan ita ce tsada, da kuma cewa wuta take so har asuba.

Da rana mai minsharin nan shi ne sarkin gyangyaɗi. A sahun gaba ranar Juma'a, kansa na sunkuyawa yana ɗagowa, na nesa ya ɗauka gaskata liman yake yi. A da can, in aka ga mutum yana barci tsakar rana haka, ƙudan tsando ake zargi, don ciwon barci ya yi ɓarna a ƙasar Zazzau har Turawa suka tashi jama'ar yankin Anchau suka gina sabon gari, Takalafiya. Malam dai ba tsandon da ya cije shi, maƙogwaronsa ne.

Akwai wanda dannau ya sa wa ido. Zai farka cikin dare, yana gani yana ji, amma ko yatsa ya kasa ɗagawa, ƙirji ya yi nauyi, ga wata inuwa a bakin ƙofa. Kafin gari ya waye ya riga ya san wanda ya turo: ko abokin gasa a kasuwa, ko wata gwaggo da ta yi masa wani kallo a wurin suna. A 1953 Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman na Jami'ar Chicago suka gano wani mataki na barci da idanu ke yawo a ƙarƙashin fatarsu, wanda a cikinsa ake yin mafi yawan mafarkai masu rai. A wannan mataki ƙwaƙwalwa na kashe ƙarfin gaɓoɓi, don kada mai mafarkin dambe ya kai wa na kusa da shi naushi. Wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa, sai mutum ya tsinci kansa ido biyu a cikin jikin da ba a sake shi ba tukuna, da guntun mafarki a ɗakin. Daƙiƙoƙi ne ko 'yan mintuna, ya wuce. Ya fi zuwa wa mai ƙarancin barci, da mai kwana yau sha ɗaya gobe uku, da mai kwanciya rigingine. Addu'ar kwanciya kada a bari, tana kwantar da zuciya. Gwaggo kuma a ci gaba da gaishe ta.

Mai lissafin dare ya fi su ban tausayi. Da ya sa kai a filo sai kuɗin haya su zo, kuɗin makaranta su biyo, sannan wata magana da aka faɗa masa shekara biyar da suka wuce, wadda sai yanzu ya samo amsarta. Ya duba agogo, ɗaya. "In na yi barci yanzu, awa huɗu." Ya sake dubawa, biyu da rabi. Washegari sai kemis: "Ɗan'uwa, ba ni ɗan abin da zai sa ni barci." Ta wannan ƙofar mutane da yawa suka faɗa hannun ƙwayoyi irin su diazepam, da ruwan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da shi a 2018. Ƙwaya na kwantar da mutum, amma jiki na sabawa, gobe ya nemi ƙari. Tun 2016 babbar ƙungiyar likitocin cututtukan ciki ta Amurka ta ce abin da za a fara yi wa mai daɗaɗɗen rashin barci shi ne gyaran ɗabi'a da tunani, kafin a kai ga magani. Cikin dabarun har da wadda ke kama da wauta: in an yi wajen minti ashirin ana juyi, a tashi daga gadon, a zauna a wuri mai ƙarancin haske, a ja carbi ko a karanta wani abu marar tayar da hankali, sai ido ya yi nauyi a koma. A juya wa agogo baya. Lissafin haya kuma a rubuta shi a takarda tun da yamma. Sannan komai daren da aka kai, a tashi a lokacin da aka saba.

Ɗalibin kwanan aji, shi guga yake cikawa da ruwan sanyi ya tsoma ƙafa a ciki, ga garin kofi a leda yana lasa. Karatun zango guda yake so ya haɗiye a dare ɗaya. Abin da bai sani ba, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da aka koya ta adana shi. A Janairun 1964 wani ɗan shekara 17 a San Diego, Randy Gardner, ya kammala awa 264 bai yi barci ba, wato kwana 11. A kusa da ƙarshe aka ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari yana sauka. Da ya kai 65 sai ya yi shiru. Aka tambaye shi dalili, ya ce ya manta abin da yake yi. Duk malamin da ya taɓa sa ido a ɗakin jarrabawa ya ga wannan fuskar.

Direban dare ne ba a yi wa dariya, don ba ransa kaɗai ya ɗauko ba. Ya yi lodi tun safe a tasha, ya kama hanyar Legas da yamma, goro a kunci, waƙa a ƙure, yana cewa shi hanya ta san shi. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa na raguwa daidai da mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, ma'aunin da ƙasashe da yawa suka hana tuƙi da shi. Bawan Allah bai taɓa kai giya bakinsa ba, ga shi yana tuƙin mashayi. Kuma barci ba ya sallama. Ƙwaƙwalwa kan ɗauke na 'yan daƙiƙoƙi ido a buɗe, motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Sauke gilashi da wanke fuska ba sa magani, tsayawa ce magani. Hukumar NASA ta gwada haka a shekarun 1990 a kan matuƙan jirgin sama masu dogon zango: aka ba su minti 40 su kishingiɗa, suka samu barcin wajen minti 26, suka fi waɗanda ba su yi ba natsuwa wajen sauka. Fasinjan da ke cewa "Direba, a taka mana, muna sauri" in an tsaya hutawa, shi ma nau'i ne, kuma ba shi da wurin zama a cikin masu hankali.

Maigadi, da nas mai aikin dare, da mai gidan burodi, da mai jegon da jariri ke tasa sau huɗu, waɗannan ba su zaɓa ba. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, a 2007, ta kuma sake tabbatarwa a 2019. Abin da suke buƙata shi ne ɗaki mai duhu da rana da mutanen gida masu tausayi, ba baƙon da zai doka sallama da hantsi ya ce, "Har yanzu barci? Lallai kana jin daɗi." Haka mutanen Sakkwato da Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura 40, an ɗauke wuta. Jiki sai ya ɗan huce kafin barci ya kama shi, don haka wanka kafin kwanciya da shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro dabara ce mai tushe.

Ƙailula ma tana da nata gwanin ɓatawa. Minti ashirin zuwa talatin bayan azahar sun isa a tashi garau. Shi kuwa zai ce bari ya ɗan kishingiɗa, sai kiran magariba ya tashe shi cikin magagi, shatin tabarma a kumatu, yana tambayar ko an tafi makaranta. Da dare ido ya bushe, ya koma sahun masu lissafi.

Can ƙuryar wani gida kuma akwai Iya, wadda wasu daga cikin waɗannan jikokinta ne ko surukanta. Ta ci tuwonta tun magariba, ta yi shafa'i da wutiri, tara da rabi ta kashe fitila. Ran Sallah haka, ran biki haka. Goronta ɗaya ne, na hantsi. Da safe tana tsakar gida tana shan rana tana tsince wake, wayarta kuwa mai madannai ce, tana cikin kwano a rufe. Ba ta taɓa jin sunan melatonin ba. Aibinta ɗaya: ta ɗauka kowa ya kwanta lokacin da ta kwanta. Biyar saura take fitowa da buta, ta bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya tana bugu da murfin kwano, ta fara da ɗakin mai datar dare, wadda ba ta fi awa biyu da ajiye waya ba.